Tabarmar Mutum Shida a Cikin Salula

Habsu 'yar Ɗan Talata ba ta iya ganin salula a hannun mutum ta kawar da kai. Ko a gidan suna ne, ko a layin asibiti, za ka ga ta ɗan karkato tana leƙe. Ba saƙon mutane take karantawa ba, wannan na tabbatar, domin na taɓa zarginta da haka kuma na ji kunya daga baya. Yatsa take kallo. Tana son ta ga da wane yatsa mutum yake dannawa, sau nawa yake kuskure kafin ya dace, da kuma lokacin da haƙurinsa yake ƙarewa ya jefa abar aljihu.

Ni na koyar da ita a lakol, shekara biyu, nan Gure. Sunana Rabi'u, amma tun da na kama alli ba mai kirana sai ya sa Mushe a gaba, kamar yadda ake kiran malamin boko, har da matata idan tana son ta tsokane ni. Ba zan ce Habsu ta fi kowa ƙoƙari a aji ba, don ba haka ba ne. Tambaya ce ta fi kowa. Ita ce ta taɓa kwance kwaɗon ƙofar ajinmu don ta ga abin da makulli yake taɓawa a ciki, kuma ta kasa mayarwa, muka yi mako guda muna ɗaure ƙofa da igiya.

Karatunta bai yi nisa ba. Tana aji na uku a kolej mahaifiyarta ta kwanta ciwo, sai ta dawo gida tana jinya, tana kuma taya mahaifinta aiki a garkarsa, can cikin wani kwari a hanyar Gidigir, inda yake da dabino da rogo da ɗan rake. Bayan rasuwar uwar ta koyi buga takardu a wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa kusa da tasha. Ta auri Isa direba, ta haifi biyu, ta buɗe nata shagon: ordinater ɗaya, wato kwamfuta, injin fotokofi ɗaya mai yawan gardama, da panno mai tara hasken rana a kan rufi saboda kuran, wato wutar lantarki, ba abin dogara ba ne. Yadda ake gina shafin intanet kuwa ba wanda ya koya mata. A salularta ta riƙa kallon darussa cikin Faransanci tana rubutawa a littafin 'yan lakol, har ta cika uku. Da na tambaye ta wa zai ba ta irin wannan aiki a Gure, ta ce ita dai so take ta ga abin da ke bayansa.

Mu muka fara ba ta aikin, kuma mun kusa yin da-na-sani.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, sunanta Burtali da Garka. An kafa ta shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan wata rigima a wani kwari, inda shanu suka faɗa cikin rogo, mai garka ya ɗauki gatari, makiyayi ya ɗaga sanda, aka kwashi mutum biyu zuwa asibiti. Aikinmu ba komai ba ne illa naci. Muna bin hukuma da takarda da ƙafa a kan a shata burtali, hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, a kafa masa alamu, kada gona ta ci hanya, kada dabba ta ci gona. Dattawa shida suka kafa ta, uku masu garka, uku makiyaya, kuma suka ƙi naɗa shugaba. Kujera ɗaya ce a bironmu, wato ofishinmu, tawa, ni sakatare, a gefe. Su shidan a tabarma ɗaya suke zama.

A shekara ta uku wani furoje, wato shirin tallafi, daga Yamai ya aiko mana wani saurayi mai ɗan gemu, ya yi mana shafin intanet. Ya tsayar da dattawan ɗaya bayan ɗaya a jikin bango ya ɗauke su hoto, ya jera hotunan a layi guda a saman shafin. Masu garka a hagu, makiyaya a dama. Can ƙarshen hagu Malam Alhasan ne, tsohon ma'aikacin gona mai son magana da lissafi. Can ƙarshen dama Baba Aisami ne na Alakoss, wanda idan ya ce a'a, makiyayan yankin nan duka sun ce a'a. A ƙarƙashinsu kuma jawabina ne, shafi huɗu cikin Faransanci, wanda har yau nake ganin ba shi da laifi. Muka buga fuskar shafin a takarda muka manna a bangon biro. Shekara tara ba wanda ya yi ƙorafi, domin ba mai buɗe shi sai mutanen Yamai da ni.

Bara da kaka, parafe, wato shugaban hukumar yankinmu, ya yarda zai saurare mu a kan babban burtalin da ya taso daga Alakoss ya gangaro kwaruruwa. Shekara huɗu muna neman wannan zama. Aka sa mana wata Alhamis, saura mako uku, da sharaɗi biyu: mu kawo shaidar wuraren da aka toshe hanya, kuma ɓangarorin biyu su zo tare. Idan ɓangare ɗaya ne ya zo, ba zama. Malam Alhasan ya ce ai yanzu kowa na da salula, mutane su riƙa turo ƙorafinsu ta shafinmu. Muka buɗe shi a salularsa mu gani. Sai da shayin farko ya nuna kafin ya gama buɗewa, kuma da ya buɗe, rubutun kamar an watsa gero a faifai, kan kowane dattijo bai kai ƙwayar wake ba. Nan na ce a kira Habsu.

Abin da ta fara yi ya ba ni mamaki, domin ba ta taɓa ordinater ba. Wurin Ɗan Kasuwa mai gyaran salula ta tafi, ta aro tsofaffin saluloli goma sha ɗaya, ta zuba su a kwanon tuwo mai murfi ta ɗauko. Ta baje su a teburina ta ce in duba in faɗa mata abin da suka yi tarayya a kai. Na ce tsufa. Ta ce a'a, in duba kusurwa. Tara a cikinsu sun fashe a kusurwa, saboda nan ke fara dukan ƙasa idan ta faɗo daga kan jaki ko babur. Shi kuwa saurayin Yamai a kusurwa ya sa maɓallin da ake shiga komai.

Da rana tsaka take fitowa da kwanonta ta tsaya a fili, ta ga wane launi ke ɓacewa a hasken rana. Ruwan toka mai kyau da aka yi mana rubutu da shi ya ɓace gaba ɗaya, sai ta mayar da komai baƙi a kan fari. Ranar kasuwar Gidigir ta bi mota ta tafi, ta zauna kusa da masu tsire. Duk makiyayin da ya gama cin nama, kafin ya goge hannu, sai ta roƙe shi ya danna mata babban yatsansa a gilashin salula, ta auna tabon maiƙon da abin awo na 'yan lakol. Wasu sun ɗauka taɓin hankali ne, wasu sun ɗauka magani take haɗawa. Ta dawo ta gaya mini cewa yatsan mai jan guga ya ninka nawa faɗi, kuma fatarsa ta yi kanta, gilashi ba ya jin ta sai an danna sosai. Don haka kowane maɓalli sai ya yi girman dabino.

Sannan ta zo kan jawabina. Ta mayar da shafi huɗu layi uku, cikin Hausa.

Na ce, “Habsu, kin san kwana nawa na yi ina rubuta wannan?”

Ta ce, “Mushe, ka yi haƙuri. Wanda ke tsaye da shanu ɗari masu ƙishi ba shi karanta tarihin kafuwarmu.”

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi kwana biyu ina fushi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta saki sabon shafin, saura kwana goma sha uku a zauna da parafe. Ya buɗe kafin in gama gyara tabarau. Na yaba, Malam Alhasan ya yaba, har ya riƙa nuna wa mutane a ƙofar masallaci. Ba wanda ya lura da abin da ya faru da hotunan a cikinmu. Fuskar salula tsuke take, mutum shida ba sa shiga a jere. Habsu ta tsara shafin yadda duk abin da ke gefe da gefe zai naɗe ya koma ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kuma haka kowa yake yi a wannan sana'a. Sai layin ya miƙe tsaye, ya fara daga hagu. Malam Alhasan a sama, masu garka biyu a bayansa, sannan makiyaya. Baba Aisami kuwa sai ka ja yatsa sau biyar kafin ka iske shi can ƙasa.

Washegari da hantsi Garbai ya shigo biro. Shi ne ƙarami a makiyayan uku, ko da yake ya haura sittin. Bai zauna a tabarma ba, a bakin ƙofa ya tsaya, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, “Mushe, saƙo na kawo. Baba Aisami ya ce a gaishe ku. Ya ce tunda an ɗora masu garka a kan rawaninsa, su tahi wurin parafe su kaɗai.”

Na yi ta bayani cewa na'ura ce ta yi, ba mutum ba. Garbai ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni 'yar wa ce ta yi aikin. Ya san amsa. 'Yar mai garka ce.

Tsoro ya kama ni a ranar, ba zan ɓoye ba. Idan Aisami bai zo ba, ba makiyayin da zai zo, zaman da muka yi shekara huɗu muna nema ya tashi, kuma ƙungiyar ma ban ga abin da zai rage mata ba. Habsu kuwa da na gaya mata, ta kalli salular, ta ce ita ko kaɗan ba ta ga sama da ƙasa a ciki ba, farko da na biyu kawai ta gani. Ta ji zafin abin, amma na lura har a lokacin akwai wani sashe na zuciyarta da abin yake burgewa.

Ni na kawo shawarar a jera su bisa shekaru. Ashe ba mai takardar haihuwa a cikinsu, kuma mutum uku suka ce a shekarar fari ɗaya aka haife su, kowa na cewa shi ya riga. Habsu ta gwada biyu-biyu, mai garka a hagu, makiyayi a dama, layi uku. Wannan karon Tahiru ne ya tayar da ƙura, ɗaya daga masu garka, domin ya sami kansa a layin ƙarshe. Ya ce shi ba ɗan lakol ba ne da za a ba shi na uku a jarrabawa.

Sai ta yi wata dabara wadda ni na ɗauka ta gama magana. Ta sa shafin ya riƙa cakuɗa hotunan da kansa, duk buɗewa da wanda zai fito a sama, ba wanda ya san na gaba. Kwana biyu lafiya. A rana ta uku Tahiru da Garbai suka haɗu a kasuwa, kowa ya ciro salularsa don ya nuna wa ɗan'uwansa cewa an gyara. A ta Tahiru, mai garka ne a sama. A ta Garbai, makiyayi ne. Suka dubi juna, suka dubi salulolin, kuma a karon farko cikin shekara goma sha biyu bakinsu ya zo ɗaya: yarinyar nan fuska biyu gare ta, tana nuna wa kowa abin da yake so ya gani. Kafin azahar maganar ta zaga gari. Wata mata ta zo fotokofi, ta tsaya a kan Habsu tana ƙirga layukan takardarta, wai kada a canza mata wani abu.

Wannan ya taɓa ta fiye da komai. Na iske ta a shago idonta ya yi ja. Ta ce, “Mushe, a ce ban iya ba, na yarda. Amma munafunci?” Can ta share fuska ta ce ranar Asabar za ta Alakoss, in zan raka ta.

Motar kasuwa muka bi, ni a gaba saboda gwiwata, ita a baya a kan buhunan dusa. Mun iske Baba Aisami a inuwar wata aduwa kusa da rijiya, yana gyaran igiyar guga. Ya karɓe mu da kyau, aka kawo nono, aka yi gaisuwa mai tsawo. Ni na shirya jawabin ban-haƙuri tun a mota. Habsu ba ta bar ni na fara ba, kuma ita ma ba ta ba da haƙuri ba. Ta durƙusa gefe ta ce tambaya ta kawo.

“Baba, wancan hoton na bangon biro, shekara tara shina nan. Mi ya sa bai taɓa ɓata maka rai ba?”

Ya ce, “Don mi zai ɓata mini rai, ɗiyata? Ai ni ne na farko a ciki.”

Na kusa ƙwarewa da nono. Shekara tara Malam Alhasan yana raɗa mini cewa yaron Yamai ya san manya, tunda da shi ya fara. Na ce, “Baba Aisami, ai kai ne na ƙarshe a layin.”

Ya dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya kasa biyu a tara da biyu. Ya miƙa hannu a iska, ya fara daga dama ya ja zuwa hagu. “Ni, sai Illa, sai Garbai, sannan su. Ta ina kake farawa kai?”

Sai a lokacin na gane. Aisami allo ya yi, daga dama idonsa yake farawa. Alhasan boko ya yi, daga hagu yake farawa. Shekara tara kowane ɓangare yana kallon bango ɗaya, yana jin daɗi a ɓoye cewa shi aka girmama, yana kuma yaba haƙurin ɗayan da bai yi ƙorafi ba. Habsu ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Tsohon bai ga abin dariya ba, amma ya ƙyale ta.

Da ta natsu ta ce, “To Baba, in kai ne za ka sa tabarmar nan cikin salula, ya za ka yi?”

Ya ce shi bai san salula ba, tasa ta jin murya ce kawai, Garbai ne ya nuna masa abin. Amma tabarma ya san ta. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗiga ɗigo uku, ya bar fili, ya ɗiga uku. Ya ce har shi yaron Yamai bai yi daidai ba, don ya manne su shida kamar buhuna a mota. “Mu ba haka muke zama ba. Tsakiya ba tamu ba ce. Ta wanda ya kawo kuka ce. Shi ke zama nan, mu uku nan, su uku nan, kowa shina jin shi da kunne ɗaya.”

Kunya ta kama ni. Shekara goma sha biyu ina zaune a kujerata ina kallon wannan fili a tsakiyar tabarma, ina rubuta sunan duk wanda ya zauna a ciki, ban taɓa ɗaukar shi a bakin komai ba. Habsu ta daɗe tana kallon ɗigon nan. Da za mu tashi na tambayi tsohon ko zai zo ranar Alhamis. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Litinin ta zo biro da safe, ta share tabarmar, ta ɗauki hoton tsakiyarta, inda kabar ta ɗan goge saboda zama. Zuwa la'asar ta kira ni in gani. Ta hana layin naɗewa. Dattawan suna nan a jere kamar dā, sai dai layin ya fi fuskar salula tsawo, kuma shafin a tsakiya yake buɗewa. Abin da za ka fara gani tabarma ce ba kowa, da kafaɗar Tahiru ta leƙo daga hagu, ta Garbai daga dama. In ka ja yatsa wannan gefe ka ga masu garka, in ka ja wancan ka ga makiyaya, kowa da inda idonsa ya saba. A tsakiyar tabarmar kuma maɓalli ɗaya ne babba, an rubuta da boko da ajami: zauna ka faɗi. Ka danna, ka yi magana, muryarka ta iso salular ƙungiya. Habsu ce za ta saurara, ta ɗora a shafin a ƙarƙashin tabarma, bisa yadda suka iso, na farko shi ne na farko.

Muka aika wa Garbai ya hau tudu inda rezo, wato sabis na salula, ke kamawa, ya nuna wa tsoho. Ba amsa a ranar.

Talata da hantsi ina shagonta salular ƙungiya ta yi ƙara. Saƙo na farko ya shigo, daga salular Garbai. Ta danna, muka ji iska, muka ji kukan shanu, sannan muryar Baba Aisami, a hankali, kamar mai ba da labari. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce ya zauna a tsakiya kamar yadda aka ce. Kukansa shi ne, a kwarin da ke hanyar Gidigir, ta kudu, inda burtali ya bi gefen dabino, shinge ya shigo hanya shekara biyu ke nan, shanu ba sa wucewa sai ɗaya bayan ɗaya. Shingen Ɗan Talata ne, mahaifin Habsu.

Ni haushi na ji, na ce wannan tsoho ya san abin da yake yi, tarko ne. Na ce mata ta jira wasu saƙonni su shigo, a sa nasa a tsakaninsu, ko a bar shi sai bayan Alhamis. Ni da bakina na faɗi haka, ni sakataren ƙungiya. Ta rufe shago, ta kira mijinta Isa, ya ɗauke ta a babur.

Abin da ya faru can, daga bakin Isa na ji. Ta fara zuwa bakin burtalin, ta nemo tsohon kututturen da kowa ya sani shi ne iyaka, ta taka daga nan zuwa shingen. Taku goma sha ɗaya, duka an dasa rogo, ya yi kore bai isa cira ba. Ta ɗauki hoto. Sannan ta shiga garka ta iske mahaifinta yana ban ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna masa muryar. Ya saurara har ƙarshe. Bai musa ba. Ya kama hannunta ya kai ta arewacin garkar, ya nuna mata inda rairayi ya gangaro daga tudu ya binne masa dabino huɗu har wuya, da duk filin da uwarta take shuka yakuwa.

Ya ce, “Tudu ya ci ni ta nan, na matsa ta can. Wurin wa zan kai nawa kukan? Ke kika ci rogon nan, 'ya'yanki suka ci.”

Ta ce, “Na sani, Baba.”

“To ki bar shi har in cire. Wata biyu ne.”

Isa ya ce ta yi kuka sosai, shi ma sai da ya juya baya. Amma a hanyar dawowa, da suka hau tudun da rezo ke kamawa, ta ce ya tsaya. A nan kan babur ta ɗora saƙon a shafi, na farko, da sunan mahaifinta kamar yadda Aisami ya faɗe shi, da hoton da ta ɗauka da hannunta, da adadin takun.

Kafin la'asar ɗin Laraba saƙo talatin da ɗaya suka shigo, na makiyaya da na masu garka, har da wani mai ƙarar raƙuman ƙanin Garbai. Wannan ma ta ɗora shi a inda ya faɗo. Alhamis da safe na iso ƙofar biron parafe da takarduna. Na iske Baba Aisami zaune a gindin bango da farin rawani, Illa da Garbai a gefensa. Tun jiya suka kwana a gari. Da aka shiga, ni na karanta jerin, kuma sunan farko da na karanta a gaban hukuma na Ɗan Talata ne. An yi zaman. An kafa alamun burtalin kafin damina, ba duka ba, amma fiye da rabi.

Ɗan Talata bai jira a aiko masa ba. Ranar Juma'a ya tuge shingen da kansa, ya cire rogon da bai nuna ba ya zuba wa awaki. Habsu tana zuwa gaishe shi duk mako, yana amsawa, yana ɗaukar jikokinsa. Amma dā idan ya shigo gari a shagonta yake sauke kaya ya sha ruwa, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa wannan ɗiyarsa ce. Yanzu ta bayan tasha yake bi.

Kwanan baya na tambaye ta ko tana da-na-sani. Tana cire takardar da ta maƙale a injin fotokofi, ba ta ɗago ba. Ta ce abin yana mata ciwo kullum, kuma ta sa ƙungiya ta fara bin hukuma a kan tudun da ke cin garkunan kwarin, ko Allah zai sa a dasa masa shinge.

“Amma Mushe,” ta ce, “in na ɓoye na Baba, na uban wa zan sa?”